Darasin Ranar Talata

Talata, ƙarfe sha ɗaya, lise ta Tawa.
Wuta ta ɗauke tun safe, kwano na ƙara don zafi.
Na rubuta sunansa a allo da guntun alli:
Diyonisos.
Ɗalibai sittin da huɗu suka kwafa a kaye,
rabinsu sun yar da harafi ɗaya a hanya.

Na ce: mutanen Girka na da,
shi suka riƙa abin bauta na giya,
na inabi, na rawa, na fuskar aro da ake sawa a dandali.
Tsahiru daga bencin baya ya ce "A'uzubillahi"
daidai yadda zan ji.
Na ji. Ni ma ban taɓa kurɓa ba,
amma yana cikin manhaja, kuma bak saura wata biyu.

Na zagaya da hoton da aka buga mini dala biyar,
tawadar injin ta kusa ƙarewa:
cikin wani akushin yumɓu
mutum ya kishingiɗa a jirgin ruwa, ba matuƙi,
kuringar inabi ta nannaɗe itacen tsakiya har ta yi ƴaƴa,
kifaye na tsalle kewaye da shi.
Yaran nan iyakar tekunsu tabkin Tabalak.
Inabi kuwa a leda suka san shi, bakin tasha,
kilo guda cefanen kwana uku.

Na ce masu falsafa sun raba mutum gida biyu:
ɗaya na ma'auni da miƙaƙƙen layi,
ɗaya na wannan baƙo
mai shiga gari ba sallama,
ya kwance ɗaurin kallabi,
ya kwashi mata daga bakin murhu zuwa kan duwatsu.
Sarkin da ya ce a kama shi a ɗaure,
ƙarshensa ba ya faɗuwa kafin abincin rana.

Sai Zuwera, wadda ba a jin bakinta, ta ɗaga hannu:
"Mushe, wanga ba iska na ba?"

Allin ya karye mini.

Bilbis. Ina ɗan shekara bakwai,
ido ɗaya a kafar zana.
Mai goge ya ja, mata na dukan ƙwarya.
Kakata Kuluwa, wadda sai an kama mata take tashi,
wadda ke ƙirga goro ta ƙulle a bakin zane,
ta daka tsalle ta faɗo da zama, ƙasa ta amsa.
Muryar da ta fito bakinta ba tata ba ce.
Ta kira ubana da sunan yanka
ta sheƙe masa da dariya gaban jama'a,
shi da ko tari ya yi gida ke yin tsit.
Can ta yi atishawa sau uku,
ta dube mu ta ce, "Wa ya zubda min hura?"

A gidanmu girka ba sunan ƙasa ba ne.

Da shekara ta juyo ubana ya ƙone kayan:
baƙin zane, jar hula, ƴar sandar nan mai wuri.
Ta kalli hayaƙin ba ta ce uffan ba.
Sauran kwananta da carbi ta yi su,
amma in aka ja goge, ko a rediyo ne,
babban yatsan ƙafarta na motsi ƙarƙashin zane.
Ni kaɗai na lura.

Shekara huɗu na yi a jami'ar Yamai
ina koyon abin nan da Faransanci,
ina ja masa layi da jan biro,
ban taɓa kawowa a raina cewa ya ci tuwo a gidanmu ba.

"Mushe?"

Na ce: wannan tambaya ba ta fitowa a bak.
Ku rubuta: na ɗaya, hankali. Na biyu, maye.
Suka rubuta. Har Tsahiru.

Aka buga tsohon ƙarfen taya, aji ya watse.
Na ɗauki tsumma na goge sunan,
garin alli ya shige mini hanci.
Na yi atishawa.
Na sake.
Na tsaya da tsumma a hannu ina jiran ta uku.

Zuwera na bakin ƙofa, ba ta fita ba.